Mun ba ejan shirin hutunmu na Disney World, ga yadda aikinta ya kasance

Gaskiya ni ba mai son miƙa wa wani shirin tafiyata bace. Tikitin jirgi da kaina nake saya, otal da kaina nake nema, in zauna in ta gwada farashi har sai raina ya kwanta, haka na saba shekara da shekaru. Amma da maganar kai yara Walt Disney World ta taso, sati biyu cur nayi ina karance-karance cikin dare bayan sunyi barci, kuma kullum sai in kwanta a ruɗe fiye da jiya, wannan yace ayi kaza wancan yace ai an daina tun bara, har dai wata ƙawata da taje sau biyu tace min ke dai nemi ejan wadda aikinta kenan ki huta. Na nema, munje, mun dawo lafiya Alhamdulillah, kuma tun daga ranar tambaya ɗaya ake min, wai ejan ɗin nan tana da amfani ko kuwa zubar da kuɗi ne. Shine nace bari in zauna in faɗi abinda na gani, mai daɗin da marar daɗin.

Mu shida mukayi tafiyar. Ni, Abban yara, babban ɗanmu mai shekara 11, ƙanwarsa mai shekara 7, auta da bai cika 3 ba, sai Umma mahaifiyata wadda gwiwa ke damunta, bata iya doguwar tafiya a ƙasa. Na faɗi wannan ne don duk abinda zan yaba ko in kushe ya rataya ne a kan irin ayarin da muka kwasa. Saurayi da zaije shi kaɗai da jaka a baya lissafinsa daban ne.

Wanda bai taɓa zuwa ba yana ɗauka filin wasa ɗaya ne mai ƙofa ɗaya, ka sayi tikiti ka shiga. Ba haka bane sam. Wurin yana gefen Orlando a jihar Fulorida ta Amurka, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 100, gari ne guda. Manyan filayen wasa huɗu ne a ciki, a 1971 aka buɗe Magic Kingdom, EPCOT ya biyo a 1982, Hollywood Studios a 1989, Animal Kingdom a 1998, kowanne da ƙofarsa da lokacin buɗewarsa da na tashinsa, ga wuraren wasan ruwa guda biyu, ga otal sama da 20 a ciki, kuma daga wani filin zuwa wani sai da bas ko jirgin ruwa ko jirgin nan mai tafiya a kan layi ɗaya a sama. To wannan girman shi ya sa har wasu suka mayar da shirya wa mutane zuwa can sana'a.

Bari in fara da maganar kuɗi tunda ita tafi damun kowa. Abinda ban sani ba da farko shine irin waɗannan ejan ɗin ba kai kake biyansu kuɗin bukin ba, wato kama maka otal da tikiti, kamfanin Disney ne yake basu kamasho, kuma sai bayan kaje ka dawo suke karɓa. Farashin da ta bani na otal da tikiti na shiga shafin kamfanin da kaina na saka ranaku iri ɗaya da ɗaki iri ɗaya, wallahi ko dala ɗaya babu bambanci. Kenan ko da ejan ko babu kuɗin ɗaya ne, in kayi da kanka ba wanda zai rage maka kamashon nan ya baka. Amma kuma kar wani ya shiga da tunanin ejan tana da wani farashi na ɓoye mai araha da sauran mutane basa gani, babu shi, abinda kowa ke gani shi take gani. Abinda take sayarwa sanin wurin ne da sanin ranaku, wace rana ake buɗe kaza, ƙarfe nawa, me ya canza, kuma a nan ne zaka gane ko ka dace da ta ƙwarai ko kayi rashin sa'a.

Kiran farko da mukayi ya kusa awa ɗaya, kuma bata fara da tambayar nawa zamu kashe ba. Cewa tayi in ɗauko abin awo in auna tsayin yaran da takalmi a ƙafarsu. Nayi mamaki amma na auna, yarinyar ta tashi santimita 117. Sai tace to madalla, zata hau lilon Space Mountain da Expedition Everest da Flight of Passage don duk santimita 112 suke nema, amma TRON sai mai 122, don haka tun yanzu kar a nuna mata bidiyonsa a sa mata rai, don ma'aikatan basa ɗaga ƙafa ko da yatsa ɗaya ne ya rage. Wannan maganar kaɗai ta cece mu daga kuka a bakin layi, don da idona naga wani yaro ana auna shi aka ce bai kai ba, yana ta birgima iyayen sun rasa yadda zasuyi. Ta kuma gaya min tun ranar cewa babban namu a wurinsu babba ne, daga shekara 10 kuɗin manya ake biya, tikitin yara daga 3 zuwa 9 ne, auta kuma kyauta zai shiga tunda bai cika 3 ba. Ni a lissafina na saka yara uku a farashin yara, kunga duk ya rushe, gara da na sani da wuri.

Wajen otal ma ta burge ni. Otal ɗin cikin wurin kashi uku ne, masu sauƙi, matsakaita da manya, kuma yawancin ɗakunan masu sauƙin mutum huɗu suke ɗauka. Ni na riga na ƙudurta ɗaki biyu masu ƙofa a tsakani, Umma da yara a ɗaya mu a ɗaya, sai tace in sani ƙofar tsakanin nan roƙo ake ba alƙawari bane, ana iya bamu ɗakuna biyu da basa haɗe, ya zanyi da dare in auta ya tashi yana nemana ko Umma ta buƙaci wani abu? Ta kawo shawarar Art of Animation, suna da wani masauki na iyali mai ɗaukar mutum shida, uwar ɗaka ɗaya da falo, banɗaki biyu, ɗan firji da na'urar ɗumama abinci, teburin cin abincin ma ana saukar da shi ya zama gado. Banɗaki biyun nan kar ku raina shi, mutum shida da safe kowa na sauri a fita kafin rana ta ɗaga, shi ya hana mu rigima. Kuma otal ɗin yana kan layin Skyliner, ƴan akwatunan nan masu tafiya a igiya a sama da aka buɗe a 2019, suna kai mutum EPCOT da Hollywood Studios ba sai ya jira bas ba. Umma ranar farko ta ƙi shiga, tace ita ba zata hau abinda ke rataye a igiya ba, sai da Abban yara yace Umma ku gwada sau ɗaya in bai muku ba mu dawo bas. Zuwa rana ta uku ita ke tambaya yau ta sama zamu bi ko.

Dala 200 muka ajiye kafin alƙalami, sauran kuma sai saura kwana 30 a tafi ake cikawa, kuma kafin wannan wa'adin in ka fasa ana mayar maka da kuɗinka. Nan ne amfanin ejan ya fito min fili na farko. Wata biyu da yin bukin, ina zaune sai ga imel ɗinta wai kamfanin ya fitar da rangwamen ɗakuna na ranakunmu, ta riga ta kira ta sa an mayar da namu kan sabon farashin, ga sabon rasit. Ɗaruruwan daloli suka ragu. Ni ban ma san an fitar ba, kuma ba wanda zai kira ka yace zo ga ragi, in baka nema ba haka zaka biya tsohon kuɗi, ɗakunan da ake warewa na rangwamen kuma ƙarewa suke da wuri. Abinda ya ƙara min ganin girmanta shine ragin nan nata kamashon ya taɓa, tunda a kan jimlar kuɗin ake lissafa mata, amma tayi ba tare da na roƙa ba.

Sai maganar abinci, wadda ni da farko na ɗauka wasa ne. Wai ace mutum ya zaɓi inda zai ci abincin rana saura wata biyu? To haka tsarin yake, gidajen abincin da ake zama a kawo maka ana buɗe bukin ɗinsu saura kwana 60, wanda kuma ya sauka a otal ɗin cikin wurin yana iya kama na duk kwanakinsa har goma a rana ɗaya, kuma da asubar Fulorida ake buɗewa, masu farin jinin kafin gari ya waye sun ƙare, balle teburin mutum shida. Ita ta tashi ta kama mana, har da wanda ake ci a cikin fadar nan ta Magic Kingdom da yarinyar ta ƙwallafa rai a kai. Yarinyar jikinta baya karɓar gyaɗa, ko kaɗan ta ci sai ta kumbura, ejan ta rubuta wannan a kowane bukin, kuma duk inda muka zauna sai an zo an tambaye mu tun kafin mu buɗe baki, wani wurin ma mai dafa abincin da kansa ya fito ya nuna mana abinda zata ci da wanda zata bari. Uwa kaɗai ta san irin kwanciyar hankalin da wannan yake kawowa. Ta kuma hana mu sayen tsarin abincin nan da ake biya gaba ɗaya tun daga gida, tace da yadda na kwatanta mata cin yarana ba zamu cinye kuɗinmu ba, ga shi tukuicin masu kawo abinci baya ciki, kuma teburin mutum shida kai tsaye ake ɗora masa kashi 18 cikin 100. Tace ku shiga da abincinku da ruwanku an yarda, banda kwalba mai fashewa, ruwan ƙanƙara kuma kyauta ne a kofi a wuraren sayar da abincin tsaye in ka tambaya. Haka mukayi, sau ɗaya a rana muke zama gidan abinci, sauran daga jaka.

Abinda yafi ruɗa ni tun farko shine tsarin tsallake layi, don sunansa ya canza ya canza. Da FastPass ne kuma kyauta, a 2021 aka kawo Genie+ na kuɗi, a watan Yulin 2024 kuma aka koma Lightning Lane, shi ya sa rabin abinda nake karantawa ya riga ya tsufa ban sani ba. Yanzu kala biyu muka yi amfani da su, akwai wanda kake zaɓar lilo uku tun kafin ranar a fili ɗaya, in ka hau na farko ka ƙara zaɓar wani, akwai kuma wanda ake saya ɗaiɗai na manyan lilon da kowa ke rububi. Masu otal ɗin ciki suna saya saura kwana 7, na waje saura 3, ƙarfe 7 na safe agogon can, kuma farashin yana hawa yana sauka gwargwadon rana da fili. Ita ta zauna ta zaɓa mana, kuma bata ce mu saya kullum ba, tace Magic Kingdom da Hollywood Studios ku saya, Animal Kingdom ku dai fito da sassafe ku ci moriyar minti 30 ɗin da ake ba masu otal ɗin ciki kafin a buɗe wa kowa, ku fara da Flight of Passage sannan ku wuce motar kallon namun daji tun dabbobin basu nemi inuwa ba. Haka akayi kuma ya tafi daidai, raƙuman dawa har bakin mota. Ita ta koya mana Rider Switch ma, wato in akwai ƙaramin da bai isa hawa ba, babba ɗaya ya tsaya da shi, in na farko ya sauko na biyun ya shiga ba sai ya sake bin dogon layi ba. Da ba don wannan ba da ni ko Abban yara ɗaya ya zama mai gadin keken auta har a dawo.

Abu ɗaya a nan da bai kwanta min ba, don ta iya yin wannan zaɓen sai da na bata kalmar sirrin asusuna na manhajar My Disney Experience, kuma katin banki na a ciki. Ban ga wani abu da ya ɓace ba ko kaɗan, amma raina bai so ba, kuma ranar da muka dawo na canza. Duk wanda zai bi wannan hanyar ya tambaya tun farko ko sai an bada, in kuma bai yarda ba ya ce ta rubuto masa abinda zai zaɓa ya tashi ya danna da kansa.

Ƙananan abubuwa kuma suna da yawa. Na karanta wai akwai bas kyauta daga filin jirgin Orlando zuwa otal, ashe an daina tun farkon 2022, ita ta kama mana mota mai kujerar yara tunda dokar Fulorida bata yarda ƙaramin yaro ya zauna haka ba. Umma kuma ta sa muka yi hayar keken nan mai batir daga wani kamfani na waje na duk kwanakin, don wanda ake haya a cikin filin ba a fita da shi ƙofa, kuma tafiyar daga ƙofa zuwa bas zuwa ɗaki ita ce mai kashe gwiwa. Wayata kullum sai ta nuna mun taka sama da kilomita 10, ku ɗauka Umma ce a ƙasa. Ƙarshen Agusta mukaje, zafi mai nauyi da gumi, kusan kullum da yamma sai hadari ya haɗo anyi ruwa da tsawa, in ana walƙiya kuma Skyliner tsayawa yake a koma bas, duk ta faɗa mana, tace ku sayi rigunan ruwa na leda tun kafin ku zo, ku fita da sassafe, ku dawo ɗaki da azahar yara suyi barci, ku koma da yamma. Ranar da muka ƙi bin wannan muka zarce, ranar auta yayi kukan da bai taɓa yi ba. Inshorar tafiya ma ita ta dage, saboda lokacin guguwa a can daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Bamu buƙace ta ba Alhamdulillah, amma banyi da-na-sanin saya ba.

Inda na tabbatar matar nan ba kamasho kaɗai take bi ba shine maganar Universal, wani wurin wasan na wani kamfani daban. Abban yara ya so mu ƙara kwana uku can gaba ɗayanmu, tunda duk Orlando ne, ga sabon filinsu Epic Universe da aka buɗe a watan Mayun 2025. Da ta amsa da ta ƙara samu sosai. Sai tace masa gaskiya manyan lilon can na dogaye ne, VelociCoaster santimita 130 yake nema, Hulk 137, yarinya mai 117 da auta da Umma kallo zasu yi ta yi a rana, ku bari su ƙara girma. Ta bada shawarar shi da babban suje kwana ɗaya, su sayi tikitin da ke shiga filaye biyu a rana ɗaya don jirgin ƙasan da ya haɗa Universal Studios da Islands of Adventure baya hawuwa sai da shi. Sukaje suka dawo da dare ƙafa ta kumbura baki har kunne, mu kuma muka wuni a bakin ruwan otal Umma ta huta.

To yanzu inda ta ɓata min rai, kuma ba zan rufe ba don ta kyauta a wasu wuraren.

Na farko shine ranar Magic Kingdom. Tun kiran farko na gaya mata yarinyar nan abu biyu take mafarki, cin abinci a fada da wasan wutan da ake yi da dare a saman fadar. Sai ta saka mana ranar Magic Kingdom a ranar da ake bikin dare na Halloween, wanda suke farawa tun watan Agusta a wasu ranaku, kuma a irin ranar ƙarfe 6 na yamma ake rufe wa masu tikitin yau da kullum, bikin tikitinsa daban kuɗinsa daban. Ban lura ba sai ana gobe da nake duba manhaja naga an rubuta 6, na ɗauka kuskure ne. Da na tuntuɓe ta sai tace ai da gangan tayi, irin ranakun mutane sun fi ƙaranci da rana, layi yafi sauƙi. Kuma gaskiyarta ne, layin yayi sauƙi, mun hau abubuwa da yawa. Amma ai ba ita zata yanke min wannan ba, tambayata ya kamata tayi, kin fi son layi mai sauƙi ko wasan wuta, in zaɓa da kaina. Ƙarfe 6 muna fita ana shigowa da kayan biki, yarinyar tana waiwayen fadar tana tambayata Mama yaushe za a kunna wutan, wallahi har yanzu in na tuna sai naji wani iri. Dole rana ta biyar da muka ware don komawa EPCOT muka mayar da ita Magic Kingdom, kuma da yake an makara duk lokutan Lightning Lane masu kyau sun ƙare, haka muka bi layi. Ta bada haƙuri sosai, bata yi gardama ba, amma ranar EPCOT ɗin ta tafi kenan.

Na biyu kuɗin jadawali. Da farko cewa tayi aikinta kyauta ne, kuma bukin ɗin kam kyauta ne, sai da muka yi nisa na riga na ajiye kafin alƙalami sannan ta ambaci cewa tsara mana jadawalin kowace rana da tashi da asuba kama Lightning Lane yana da nasa kuɗin daban. Kuɗin ba wani mai yawa bane kuma aikin ya ci, da ta faɗa tun ranar farko da hannu biyu zan biya, ejan da yawa suna karɓar irin wannan kuma banga laifinsu ba, mutum ya tashi da asuba saboda kai ai ya cancanta. Yadda maganar ta zo a makare ne ya sa naji kamar an jira sai da na shiga ba fita.

Na uku shi yafi tada min hankali. Saura kwana tara mu tashi aka canza mana jirgi, ya zama zamu sauka kwana ɗaya kafin ranar da ɗakinmu zai fara. Na kira layin masu otal da kaina in ƙara dare ɗaya, suka min bayani cikin mutunci cewa bukin ɗin da aka yi ta hannun ejan ita kaɗai ke da ikon taɓa shi, haka ƙa'idar take. Na tura mata saƙo shiru, imel shiru, na kira ba a ɗauka ba, ashe ita ma tayi tafiya, kuma bata bar min lambar kowa ba. Kusan kwana biyu ina duba waya, ina tunanin mutum shida da tsohuwa da jariri mu sauka da dare babu wurin kwana. Da ta dawo cikin awa ɗaya ta gyara, amma irin masaukinmu ya cika a wannan daren, sai wani otal muka kwana muka kwashe kaya da safe muka koma. Wannan shine abinda ba a gaya wa mutum in ana tallan ejan, daga ranar da ka bada aikin linzamin ya bar hannunka, in tana kusa ka huta, in bata kusa kai da bukin ɗinka sai kallo.

Duk da haka in aka ce in bata maki cikin biyar, huɗu zan bata, kuma da zuciya ɗaya. Wanda zai je karon farko, ko mai ƙananan yara, ko mai tafiya da dattijo ko mai wata lalura ta abinci, ni dai ina ganin ya nemi ejan, amma wadda wuraren nan ne aikinta, ba wadda ke sayar da tikitin ko'ina da ko'ina ba, don dokokin wurin canzawa suke kamar me, wanda bai bibiya kullum zai baka labarin shekara uku baya. Ka tambaye ta yaushe rabonta da zuwa da ƙafarta, ka tambaya me da me ne kyauta me ake biya kuma ta rubuto, ka tambaya in rangwame ya fito ita zata bibiya ko kai, sannan duk jadawalin da ta baka ka buɗe manhaja ka duba lokacin tashin kowane fili da idonka, minti biyar ne, ni da nayi da ban rasa ranar EPCOT ba. Wanda kuma ya saba zuwa, ya san ranakun nan na 60 da 30 da 7 a ka, kuma yana jin daɗin shirya abinsa, ba lallai ya buƙace ta ba, sai dai don bibiyar rangwamen.

A daren ƙarshe dai mun ga wasan wutan. Ejan ta turo saƙo da rana tace ku kama wuri saura awa ɗaya, ku tsaya ta inda keken Umma zai iya fita ba tare da cunkoso ba, ta kwatanta mana daidai wurin. Abban yara ya ɗora yarinyar a kafaɗa, auta yayi barci tun kafin a fara duk ƙarar nan bata tashe shi ba, Umma kuma tana ta cewa ikon Allah, ikon Allah. Yanzu yaran sun fara maganar komawa, auta zai cika 3 kafin lokacin don haka tikiti shida ne ba biyar ba, yarinyar kuma duk wata sai ta jingina da bango an auna ta ko ta kai 122. Na riga na tura wa matar saƙo nace in Allah ya kaimu ita zata sake shirya mana, amma kafin in ajiye ko dala ɗaya ta fara turo min lambar wanda zan kira ranar da bata nan.